Riga Mai Lamba Tamanin da Uku

"Dake ta, Tavis! Nuna musu daga Iowa ka fito!"

Delbert Rasmussen ya riƙe wayar shingen filin da hannu biyu yana jijjigawa, hularsa ta karkace. Shekarunsa sittin da takwas, talatin da biyar daga ciki ya yi su yana raba wasiƙu gida-gida, kuma tun bara likita ya hana shi ɗaga murya. Matarsa Marlys na zaune a bencin ƙarfe, ta rufe gwiwoyinta da jarida saboda zafin ranar Florida.

"Del, zauna mana. Mu goma sha ɗaya ne 'yan kallon, kowa ya ji ka."

Bai zauna ba. Kwana biyu suka yi a mota daga garinsu, inda har yanzu ƙanƙara ba ta narke ba, don su ga Tavis Lindqvist, ɗan marigayi mai gyaran famfo, mutum ɗaya tilo da garin ya taɓa fitarwa a wasan besbol. Shekara bakwai Tavis yana gararamba a ƙananan kulob. Yanzu yana da ashirin da tara, kuma kowa a gari ya san atisayen watan Maris ɗin nan ne zai raba gardama, ko a ɗaga shi sama ko a sallame shi.

Ba a babban fili ake wasan ba, can baya ne, kusa da rumfar injinan yankan ciyawa. Rigunan 'yan wasan babu suna, lamba kawai. Gwaggon Tavis ce ta rubuta wa Delbert lambar a takarda: tamanin da uku. Tabaransa kuwa ya manta shi a masaukin da suka kwana a Georgia, amma ya ce ba komai, shi da ya san tafiyar Tavis tun yana rarrafe.

Mai lamba tamanin da uku ya daki ƙwallo, ta wuce ta saman kan mai tsaron tsakiya.

"Kin gani? Ni na koya masa wannan tsayuwar! A bayan gidan waya!"

Wata matashiya da ke goye da jaririya a ƙirji ta matso ta taɓa masa hannu.

"Baba, na gode ƙwarai. Ba a taɓa yi masa ihu haka ba. Amma sunan mijina Yoendry. Daga Venezuela muke."

Delbert ya saki shingen. Ya juya ya kalli matarsa.

"Tun bugun farko na ga wannan da hagu yake riƙe sanda," in ji Marlys. "Na ce bari dai in ga iya gudunka."

"Awa guda kina kallona?"

"Shekara arba'in ina kallonka."

Ya soma dariya, sai matashiyar ta ƙara da cewa yau da safe aka ba mijinta rigar. Nan take ya daina dariyar. Ya san dalili ɗaya ne ke sa a ba wani rigar mutum a tsakiyar atisaye: an sallami mai ita.

A wurin ajiye motoci suka sami Tavis, zaune a bakin kwalta, babbar jaka a gefensa, sanduna biyu sun leƙo daga ciki. Ya yi ƙiba a wuya, gashin gabansa ya soma gudu. Da Delbert ya wuce shi a titi ma ba lallai ya gane shi ba.

"Mista Rasmussen," Tavis ya miƙe. "Tun ɗazu nake jin sunana daga nan. Na ce wannan muryar ko a kabari na san ta."

"Me ya hana ka zuwa ka rufe min baki?"

"Daɗi nake ji. Shekara bakwai ban taɓa yin wasa mai kyau irin na yau ba."

Marlys ta rungume shi. Delbert ya laluba aljihu ya ga babu abin da zai ciro, sai ya ɗauki jakar. Nauyinta ya kusa kai shi ƙasa.

"Akwai wuri a baya," in ji Delbert, "in ba ka ƙin warin lemon da Marlys ta cika motar da shi."

"Sun ba ni tikitin jirgi."

"To."

"Amma ba na son in isa gida da wuri," Tavis ya faɗa yana kallon takalmansa.

Shi ya karɓi tuƙin, tunda mai motar ba ya ganin allon hanya. Sun fita daga garin, sun hau babban titi. Can Tavis ya gyara madubi.

"Wancan ɗin, mai rigata. Yaya ya yi?"

Delbert ya so ya yi ƙarya, amma duk filin sun ji shi yana ƙirgawa.

"Sau uku ya fito, ya daki biyu."

Tavis ya gyaɗa kai a hankali.

"To," ya ce. "Ashe ba laifin rigar ba ne."