Kwastoman Zinare

Yayana ne gwanin gidanmu. Minista muke kiransa, don tun ranar da ya sauke manhajar banki a wayarsa ya daina gaisuwa irin ta mutane. Ka ce masa ina kwana, ya ce maka kuɗin waje ya tashi da biyu. Aikinsa tsaron sito ne a wani shagon tayoyi, amma in ka ji yana bayani a kan canji, sai ka rantse da shi ake shawara kafin a buga kuɗi.

Innarmu kuwa kunnenta ne ya tafi, a hankali, cikin shekara uku. Matar da a da in ta fara labari sai shayi ya huce a hannunka, yanzu tana zaune a kujerarta ta bakin taga tana kallon bakunanmu. In ta ga mun yi dariya sai ta taya mu, a makare. Ba abin da ke ci mini rai kamar wannan dariyar.

Likitan kunne ya auna ta, ya ce akwai na'urar da za ta yi mata, sai dai daga waje ake aiko ta, kuma da kuɗin can ake biya. Ɗari shida, in an biya kafin ƙarfe huɗu na ranar ƙarshen wata, don kamfanin yana rangwame. Ana wuce nan ta koma ɗari tara.

Na sayar da ɗaya daga kekunan ɗinkina biyu, mai kyan. Autanmu, direban babbar mota, ya turo abin da yake tarawa don gyaran rufin ɗakinsa. Yaya ma ya sa nasa, ba zan rage masa ba. Wa zai riƙe kuɗin? Ai tambayar ma raini ce, gida da Minista guda.

Ranar uku ga wata ya zo shagona yana ƙyalli, ya kara mini waya a hanci. Ya canja kuɗin, sun ba da ɗari shida da arba'in.

"Alhamdu lillahi! Yaya, biya yanzu mu huta."

"Ke dai ɗinki kika sani. Kin ga wannan kibiyar? Sama take kallo. In na biya yau na yi wa kamfani sadaka. Bari kuɗin su yi mana aiki tukuna, har batirin shekara zan saya wa Inna da riba."

Dabararsa mai sauƙi ce, shi ya sa duk masanan duniya ba su gano ta ba sai mai tsaron tayoyi. In kuɗin waje ya ɗan tashi, sai ya mayar da su namu, ya ce ya ci riba. In ya ɗan sauka, sai ya sake saye, ya ce ya samu araha. Lambar da ke saman manhajar da manyan haruffa, ita kaɗai yake kallo. Akwai wani ɗan siririn rubutu a ƙarƙashin inda ake danna "Na amince". Na taɓa nuna masa, ya ce wannan don matsorata aka rubuta.

Duk canjin da ya yi, sai balan-balan su cika fuskar wayar, ana taya shi murna. Shi kuma ya kira ni ina tsakiyar yanka yadin mutane.

"Ƙanwata, yau ma mun ci su."

"Su wa, Yaya?"

"Bankin mana!"

Bankin nan dai ya sha kashi a hannun yayana har sau bakwai cikin wata guda, kuma don tsabar ladabi kullum shi ke hura masa balan-balan.

Ranar ƙarshen wata da tsakar rana muka taru a ɗakin Inna, ni da shi da matarsa. Ya ce a gaban Inna zai biya, ta gani da idonta. Ya zauna a gefen gado, ya goge wayar da hannun riga, ya gyara murya kamar mai buɗe taro, sannan ya danna.

Wayar ta ce kuɗinsa ba su isa ba.

Ya sake dannawa. Ta maimaita, ba ta ko ji nauyinsa ba. Na karɓa na duba: ɗari biyar da hamsin da biyar. Ga kuma goma sha biyar na aikawa da ba wanda ya taɓa jin labarinsu.

"Sata ce!" in ji Minista. "Wallahi sai sun dawo da su!"

Ya kira bankin. Suka sa masa kiɗa na minti ashirin, sannan wata mai zaƙin murya ta ɗauka. Ta karanto masa canjinsa ɗaya bayan ɗaya, da rana da lokaci. Ta ce lambar saman nan farashin kasuwa ce, don ado. Banki yana da farashin da yake saye da wanda yake sayarwa, ga kuɗin hidima a kan kowane canji.

"To wa ya ba ku izini?"

"Ku ne, yallaɓai. Kun danna 'Na amince' sau bakwai. Akwai wani abin da zan taimaka muku da shi?"

Ban yi masa faɗa ba, lokaci bai ba ni dama ba. Matarsa ta fito da abin da take ɓoyewa a cikin gwangwanin madara. Na kira wata mai kawo mini ɗinki na roƙe ta kuɗin aikin da ban ko auna ba. Auta yana kan hanya, wayarsa ba ta shiga. Uku da kwata muka haɗa cikon, na ruga wurin mai tura kuɗi na bakin titi ya sa su a asusun Yaya, na dawo ina haki. Yaya ya danna canji na takwas.

Manhajar ta ce ta lura yana yawan canji a watan nan, saboda haka, don kare lafiyar dukiyarsa, za ta riƙe wannan na awa ashirin da huɗu ta bincika.

Muka zauna muna kallon agogon bango har ya buga huɗu. Keken ɗinkina nake gani, da ɗari ukun da ban san inda za su fito ba.

Sai wayar ta yi ƙara. Balan-balan suka taso, wannan karon masu ruwan zinare. Ana taya Yaya murna, ya zama Kwastoman Zinare, kuma a canjinsa na gaba za a ɗan rage masa kuɗin hidima.

Inna ta hango balan-balan daga kujerarta. Fuskarta ta washe, ta kai hannu ta shafa kunnenta.

"An biya ke nan?" ta ce, da ƙarfi, irin na wanda ba ya jin muryar kansa. "Allah ya yi maka albarka, Babba. Dama na san kai ba ka wasa. Yaushe za ta iso?"

"Ba a biya ba, Inna," ya ce, kansa a ƙasa.

"Na'am?"

Ya dube ni. Na dubi taga. Wata guda yana bayani ba wanda ya tambaye shi, bari yau ma ya yi da kansa.

"Ba a biya ba!"

"Matso ta wannan kunnen, ya fi dama-dama."

Minista ya durƙusa a gaban kujerar, ya sa bakinsa a kunnenta, ya faɗa da iyakar ƙarfinsa, har maƙwabciya ta leƙo ta taga.

Inna ta gyaɗa kai, murmushin yana nan. Sannan ta bi fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya, tana neman wanda ke dariya don ta taya shi. Ba ta samu ba.