Takardu Ashirin, Zama Bakwai

Shekara ashirin da uku ina duƙe a kan keken ɗinki a garin Caruaru, ina haɗa wanduna, har bayana ya ce ya gaji. Ciwon da sai na rarrafa nake sauka daga gado. Na sha ƙwayoyi har cikina ya soma ƙuna. Mai masana'antar kuma bai ɓoye min ba: wata uku ya ba ni, ko na koma ɗinkin cikakken yini, ko ya ba wata kekena.

Sai likita ya rubuta min allurar Sin, wadda ake tsira wa mutum siraran allurai a baya ba tare da magani a cikinsu ba. Inshorar wurin aikinmu ta yarda da zama ashirin a shekara, ko ɗaya babu ƙari. Ni da na raina abin, a zama na uku na sunkuya na ɗaura takalmina da kaina. Kuka na yi a gaban mai yi min allurar, Dakta Hideo, ko kunya ban ji ba.

A teburin karɓar marasa lafiya akwai Ivonete, komadirena, wadda ta riƙe 'yata ranar baftisma. Ƙa'idar ita ce duk zuwan da ka yi ka sa hannu a takarda ɗaya, a aika wa inshora. Ita kuwa tun ranar farko ta turo min duka ashirin ɗin.

"Zuleide, sa hannu ki huta. Da wannan bayan naki kamar lauje za ki riƙa bin layi? In kin zo ki wuce ciki kawai."

"Sannu komadire. Allah ya bar min ke."

Na sa hannu. Komadire ce fa, matar da ke da makullin gidana.

Zuwana na takwas na tarar ta ɗauki hutu, wata ce a kujerarta. Ta duba kwamfuta, ta ɗago.

"Dona Zuleide, ai naki ya ƙare. Ashirin cif."

"Bakwai na yi, 'yar nan. Sake dubawa."

Ta jera min takardun a kan tebur, kowacce da kwanan wata da rubutun hannuna. A nan tsaye na kira kamfanin inshora. Wani mai zaƙin murya ya tambaye ni ko sa hannun nawa ne. Na ce nawa ne. Ya ce to in ba ni aka yi wa allurar ba, zamba ce, kuma wadda ta sa hannu ita za a fara soke wa katin inshora. Na kashe wayar.

Ina zaune a benci, bayana na suka, sai ga Genival, mijin Ivonete, direban babbar mota, ya fito daga ɗakin ɗaya likitan yana soke riga a wando. Miƙe yake sak.

"Komadire, ashe kina nan. Ni kunyarki ce ta hana ni zuwa gidanki. Ivonete ta ce kin warke, kika ce a bar min ragowar naki. Sau biyu a mako nake zuwa, yau na gama. Kin ganni? Litinin zan koma tuƙi. Kin rufa mana asiri, wallahi."

Na kalli idonsa. Bai san komai ba, bawan Allah. Wannan ne ya fi ƙona min rai, don ko wanda zan zaga ban samu ba. Da Ivonete ta roƙe ni, da na ba shi biyar, ƙila ma goma. Amma ta dubi yadda nake tafiya, ta miƙo min biro.

Ya rungume ni, ya matse daidai inda ke min ciwo.

"Allah ya ƙara lafiya, Genival," na ce.

Na lallaɓa na yi mako uku a kan keke. A na huɗu na kasa tashi daga kujera, mutum biyu suka kama ni zuwa bakin titi. Ban kai ga hawa bas ba na jiyo kekena yana aiki a hannun wata.