Kalmar da Lauya Ya Faɗa

Man gyaɗa na tafasa a kasko lokacin da Garba ya sake kunna saƙon, ya kara wayar kusa da kunnen Mas'uda. Muryar Habibu ce, wanda suke ɗaki ɗaya da mijinta Rabi'u a Kano, ga ƙarar motoci a bayansa.

"Na ga lauyan. Ya ce ran Litinin za a shiga kotu. Amma ya ce wai in kamara za a yi. Haka dai ya faɗa, in kamara. Sauri yake, ban samu na tambaye shi ba. Ku yi ta addu'a."

Garba ya kashe wayar. Ƙanin Rabi'u ne, ɗan kabu-kabu, mutum mai saurin hawa.

"Kin ji ko? Kamara. A tele za su sa shi, da ankwa a hannu. Kafin la'asar yana cikin wayar kowane yaro a Matamaye."

"Rage murya," in ji Mas'uda. Ta dubi ɗakin da ke ƙarshen tsakar gida, inda surukarta Iya Shekara take kwance tana jin rediyo.

Tun farkon rani Rabi'u ya tafi Kano, ya samu aikin wankin motoci da gadi a gidan wani attajiri. Ana nan sai ɗan maigidan, wanda ko gemu bai fara ba, ya saci mota ya fita, ya buge wani mai tura ruwa ya karya masa ƙugu. Da 'yan sanda suka zo, aka ce Rabi'u ne ya ɗauki motar. Sau ɗaya ya samu ya kira ta daga inda ake tsare da shi. Ya rantse mata ko sitiyari bai taɓa ba, ya kuma roƙe ta kada Iya ta ji, saboda hawan jininta. Sai suka ce wa tsohuwa wayarsa ce ta faɗa ruwa.

"Yau za ki gaya mata," in ji Garba. "Gara ta ji a bakinmu. In jikokin maƙwabciyarmu Hajiya Basira suka kawo mata hoton a waya, gawarta za mu ɗauka."

"In na gaya mata fa ta faɗi?"

"To ni zan gaya mata. Bari in kai wannan buhun ƙauyen Kurni in dawo. In na tarar ba ki yi ba, wallahi zan shiga."

Ya tura babur ya fita. Mas'uda ta tsaya riƙe da matsami, har ƙulin da ke kasko ya yi baƙi ba ta sani ba. Warin ƙuna ne ya sa Iya ta ɗaga murya.

"Mas'uda, me kike ƙonawa?"

"Ba kome, Iya. Wuta ce ta yi yawa."

Ta sauke kaskon, ta ja itacen, ta yafa mayafi. Ta ce wa Iya za ta karɓo gyaɗa wurin inji. Amma da ta fita sai ta bi ta bayan kasuwa, ta wuce masu rake suna sauke kaya daga amalanke, ta nufi makarantar sakandare. Akwai ɗan ƙanwar mahaifiyarta a can, Mustafa, malamin Ingilishi, wanda ake kira Mushe Mustafa kamar yadda ake kiran malaman boko. Ba wai tana sa ran wani sauƙi ba ne. So take ta ji ko akwai hanyar da za a roƙi alƙali a hana masu ɗaukar hoton, ko a rufe masa fuska.

Ta same shi yana cikin aji. Ta tsaya a gindin bishiyar bedi tana jiran a tashi, kowane babur ya wuce a titi sai ta waiwaya, tana zaton Garba ne ya juyo. Da yara suka watse ya hango ta, ya fito da alli a hannu.

"Yaya Mas'uda? Lafiya?"

Ba ta iya yin bayani ba, ta miƙa masa wayarta, don Garba ya tura mata saƙon. Ya saurara, ya maimaita, sannan ya ce ta shigo ajin ta zauna.

"Wa ya ce miki za a sa shi a tele?"

"Ai ka ji. Kamara."

"Ba wannan ba ce. Ko in ce ita ce, amma ba haka take nufi ba." Ya juya ga allo ya rubuta *in camera* da manyan baƙaƙe. "Wannan ba ma Ingilishi ba ne asalinsa, Latin ne, tsohon harshen Rumawa. Su ma daga Girkawa suka aro. A wurinsu *camera* ɗaki ne, irin soro mai rufin baka. Ɗaki kawai."

"To ina ruwan ɗaki da abin ɗaukar hoto?"

"Kin tuna ɗakin kakarmu a Dawce? In aka rufe ƙofa da rana, haske ya shigo ta hudar ƙyaure?"

Ta tuna. Suna yara sukan kwanta a tabarma su ga inuwar masu wucewa a bango, kai a ƙasa, ƙafa a sama, har su ce aljanu ne.

"To wannan shi ne asalin abin. Turawa suka kira shi ɗaki mai duhu. Suka yi ta rage ɗakin har ya koma akwati, akwatin ya koma wannan ɗan idon da ke bayan wayarki, sunan bai canza ba. Kalmar nan ce Faransawa suka mayar *chambre*, Ingilishi suka karɓa daga wurinsu suka ce *chamber*. Har *camarade* da yaran nan suke kiran juna, ma'anarsa wanda kuke kwana ɗaki ɗaya. Kin ga kamar Habibu da..."

"Mustafa." Muryarta ta fita da ƙarfin da ba ta yi niyya ba. "Garba yana hanya zai gaya wa Iya. Ka faɗa mini abu ɗaya. Za a nuna shi ko ba za a nuna shi ba?"

Ya ajiye allin. "Ki yi haƙuri, Yaya. Ba za a nuna shi ba. In alƙali ya ce haka, yana nufin a ɗakinsa za a yi, ko a fitar da jama'a a rufe ƙofa. Ba ɗan jarida, ba mai hoto, ba 'yan kallo."

Mas'uda ta sa fuska a mayafi. Kafaɗunta suka sauka, ta ji kamar an ɗauke mata tulu daga ka. Ta yi ta maimaita alhamdulillahi. Ta miƙe har ta kai bakin ƙofa, sai ta tsaya.

"Ka ce ba 'yan kallo."

"E."

"Su Habibu fa? Da 'yan garinmu da ke can? Sun ce za su cika kotun."

"Ba za a bar su ba."

"To wa zai shiga?"

"Alƙali. Lauyoyi. Shi Rabi'u kansa. Da wanda aka kira shaida."

"Me ya sa za su rufe?"

"Ni ba lauya ba ne. Amma na san akan yi haka in akwai yaro ƙarami a maganar, don a kare sunansa. Wataƙila alheri ne. Wataƙila yaron za a kira a tambaye shi, ya faɗi gaskiya."

"Ko kuma ya faɗi abin da ubansa ya koya masa."



Ta koma ta zauna a kan bencin yara. Tun safe abin da take tsoro shi ne idon duniya a kan mijinta. Yanzu ta hango shi tsaye a ɗakin da bai san kowa ba, ana magana da harshen da ba ya ji, ga attajiri da lauyoyinsa, ga yaron da aka rufe ƙofa dominsa. Ba fuska ɗaya daga gida da zai ɗaga kai ya gani.

"Matarsa ma ba za ta shiga ba?"

"Sai in alƙali ya yarda. Ban sa rai ba."

Ta yi masa godiya ta fito. Ba ta bi ta inji ba. Tana karyo kwanar layinsu ta hango babur ɗin Garba jingine a ƙofar gida, ta tattare zane ta sa gudu. A zaure ta cim masa yana cire takalmi, ta riƙo hannun rigarsa, abin da ba ta taɓa yi ba. Tana haki ta gaya masa abin da Mustafa ya ce.

Garba ya jingina da bango, ya shafa fuska. "Kai! Allah Ya rufa asiri. Da yanzu na yi ɓarna. Shi ke nan, ba sai ta ji ba. Mu bar ta da maganar waya."

"A'a. Zan gaya mata."

"Ke da kika hana ni?"

"Kano za ni, Garba. Gobe ka kai ni Ɗan Barto, bakin iyaka, in hau mota. Me zan ce mata? Gyaɗa zan karɓo?"

Ta wuce shi.

Ɗakin Iya da sanyi, yana ƙamshin man zafi. Mas'uda ta durƙusa gefen gado, ta rage rediyon, ta fara tun daga farko, a hankali, idonta na kan ƙirjin tsohuwar yana hawa yana sauka. Garba na tsaye a bakin ƙofa, makullin babur a hannu, ko da za a nufi asibiti. Ta faɗi maganar mota, da mai tura ruwa, da tsarewar. Ta faɗi kalmar lauyan da abin da take nufi. Ta nemi gafarar ƙaryar da suka yi.

Iya Shekara ba ta yi kuka ba. Ta daɗe tana kallon rufin ɗaki, yatsunta na motsi a kan bargo. Can ta yunƙura, Mas'uda ta tallafe ta ta zauna.

"Shi ɗakin nan da za a rufe, ta ina alƙalin yake shiga?"

"Ta ƙofa mana, Iya."

"Ba a hana mutum zama a bakinta?"

"Ban ji an ce an hana ba."

Tsohuwar ta sauko da ƙafafunta ƙasa, tana laluben takalmi.

"Garba, mota za ka nemo, ba zan iya babur ba. Ke kuma ɗauko mini tabarmata ƙarama. In ba su bar ni na ga ɗana ba, shi alƙalin ai zai gan ni."