Cin Ranin Ƙanƙara

Malam Inuwa direban tankar ruwa ne a Riyad. Tun gemunsa yana baƙi yake kwana ɗaki ɗaya da Sha'aban, a wani tsohon bene a Manfuha. Inuwa Bakano ne, Sha'aban Bazazzage, don haka rana ba ta faɗuwa ba su tsokani juna ba. Sha'aban kuku ne a gidan wani attajiri. Shi ke dawowa da ragowar kabsa, dafa-dukar Larabawa, su zauna a kan faranti ɗaya, Inuwa yana ci yana kushewa.

Ana nan sai kafilin Sha'aban, Balaraben da takardar zamansa ke hannunsa, ya sayi masauki a kan wani dutse, can wata ƙasa gaba da Turkiyya. Wuri ne da ƙanƙara ke zuba kamar ana tankaɗen gari, masu hali su ɗaura wasu dogayen katakai a ƙafa suna zamiya daga sama har ƙasa. Ya ce Sha'aban zai bi shi ya riƙa dafa wa baƙi Larabawa abincin gida.

Inuwa ko a jikinsa. Shi da ya tashi yana cin rani, wa zai koya masa yadda tafiya take? In an kai amfanin gona rumbu a kama hanya, in hadari ya taso a gabas a dawo gida. Ƙanƙara kuwa ai ruwa ce. Rana za ta fito ta narkar da ita, masu zamiya su watse, kuku ya dawo ɗakinsa.

Ranar tafiyar Sha'aban yana ɗaure jaka ya ce, "Malam, an ce wurin nan fa ba ya rufewa."

"An ce ba shaida ba ce. Ka taɓa ganin kasuwar da ke ci bayan haja ta narke? Je ka ci raninka, bawa. Ka dai rufe kai, kada sanyi ya ƙarasa ɗan hankalin da Zazzagawa suka rage maka."

"Kai kuma ka koyi dafa ruwan zafi, Bakano, kafin yunwa ta kwantar da kai a asibitin Shumaisi."

Ko rakiya Inuwa bai yi masa ba. Ya ce rakiya ta mai dogon zango ce, ya ɗauki makullin tankarsa ya fita.

Abdulganiyu, mutumin da hayar benen ke wuyansa, ya zo tun ba a yi mako ba yana cewa akwai mai son gadon.

"Gadon yana da mai shi," in ji Inuwa.

"Baba, mai shi yana bayan duniya."

"Zai dawo da zafi. Ni zan riƙa biyan rabonsa. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba."

Abdulganiyu, mai furfura shi ma a gefen kunne, ya haɗiye kalmar yaro ya ce, "Mafi mushkila, ba matsala," ya tafi.

Sanyin Riyad ya zo ya shige. Inuwa ya lulluɓe gadon da bargo, kullum da safe ya kakkaɓe shi. Abinci ya koma gurasar kubus da shayi daga kantin ƙasan bene, a tsaye, don zama gaban faranti shi kaɗai kunya yake ba shi. Ran Juma'a bayan an sauko yakan gangara unguwar Dira, ya zauna a inuwar tsohuwar fadar Masmak inda suka saba zama, ya kalli tsofaffi suna cinikin turare da carbi. In ya ga abin dariya sai ya juya hagunsa, ya tarar da bango. Saƙon murya ɗaya yake aikawa, ba ya canjawa: "Ta fara narkewa?" Sha'aban ya amso da hoton farin dutse, ko na hannunsa cikin safa.

Da zafi ya kankama, kwalta ta fara laushi ƙarƙashin tayar tanka, Inuwa ya kai bargon wanki, ya sa aka gyara mukayyif, na'urar sanyaya ɗakin da ta daɗe tana tari. Wata Juma'a da hantsi ya kira Sha'aban ta bidiyo.

Bai gane wurin ba. Dutsen ya yi kore shar, kamar fadama a tsakiyar damina.

"Alhamdulillahi, ta narke! To yaushe za ka taso?"

Sha'aban ya yi dariya, sannan ya ga fuskar abokinsa, dariyar ta tsaya. Ya juya wayar.

"Duba nan, Malam. Ka ga akwatunan can da ke tafiya a kan igiya? Da su ake hawa da masu zamiya. Yanzu masu kekuna suke ɗauka, su gangaro ta cikin daji. Can dawakin haya ne. Can ƙasa tafki ne, ana tuƙa kwalekwale. Akwai ma masu ɗaura lema a baya su yi tsalle daga kan dutse."

"Mahaukata."

"Mahaukata masu cin abinci sau uku. Kuma ka san su waye? Mutanen Riyad ne, zafin da kake ciki suka gudo wa. Masaukin ya fi cika yanzu a kan lokacin ƙanƙara. Jiya raguna na gasa har hannuna ya sage."

"To bayan zafin fa?"

"Sai ganye ya yi ja, masu ɗaukar hoto su zo, da masu sayen zuma, da masu wanka a ruwan ɗumi da ke fitowa daga dutse. Kafin su gama ƙanƙara ta dawo. Wurin nan ba shi da rani, Malam. Na faɗa maka." Ya juyo da wayar kan fuskarsa. "Kafili ya yi mini takardun zama a nan. In na samu hutu, Zariya zan wuce wajen yara."

Inuwa ya buɗe baki zai kira shi bawa, kalmar ta ƙi fita. Wani ya ƙwala wa Sha'aban kira daga ciki, yalla yalla, ya ce tukunya na kan wuta, allon wayar ya yi baƙi.

Ya daɗe zaune a bakin gadonsa, mukayyif yana hura sanyi a ɗakin da ya yi masa faɗi. Hausawa sun ce sabo ake yi wa kuka. Shi bai yi kukan ba, sai dai ya tuna ko bakin titi bai taka masa ba ranar da mutumin ya tafi da jakarsa.

Da aka sauko Juma'a bai je Dira ba. Ya tsaya a ƙofar masallaci har Abdulganiyu ya fito yana neman takalminsa.

"Mutumin nan naka, ya samu wuri?"

"Tuni, Baba. Amma akwai wani, ɗan Gusau. Shara yake yi a asibiti, aikin dare. Kana fita yana shigowa. Ba zai dame ka ba ko kaɗan."

"Yana hira?"

"Wallahi ban taɓa jin muryarsa sosai ba."

Inuwa ya gyara hularsa, ya dubi titin da rana ta kore kowa daga kansa.

"Kawo shi," ya ce.