Abin da Aka Yanke Daga Maganar Mai Inji

Sun rufe mata fuska, sun sauya mata murya ta koma kamar ta ƙato mai mura, amma suka bar hannu a waje. Kuma duk unguwar babu wanda bai san hannun Mai Inji ba, yatsu uku da guntu, sauran bel ɗin injin markaɗe ya cinye tun tana da ƙarfinta. Ita kuwa ba ta iya magana hannu na kan cinya ba. Haka bidiyon ya yi ta yawo a wayoyi, ga dusu-dusun mutum a zaune, ga guntun hannu yana saran iska, murya tana cewa, “Da na san haka siyasar nan za ta koma, da ɗana bai auro ’yar gidan ’yan Ƙararrawa ba. Gara ya tsufa ba aure.”

’Yan jami’a ne suka zo bayan zaɓe, wai suna bincike a kan yadda siyasa ke raba ’yan gida ɗaya. Mai Inji ’yar jam’iyyar Tsani ce har cikin ɓargo. ’Yan Ƙararrawa ne suka ci, kuma suna hawa suka rushe rumfarta ta bakin titi, ta koma wani lungu da ko akuya sai ta yi ɓatan kai take shiga. A nan masu binciken suka same ta, suka zauna a bencinta, suka rantse ba wanda zai gane ta. Ciki cike yake, ta zazzage.

Matar ɗanta, wadda kowa ke kira Maman Tagwaye, ubanta ne shugaban ’yan Ƙararrawa na mazaɓar. Ta ga bidiyon a wayar maƙwabciya. Ta wanke kwanuka, ta share tsakar gida, ta ɗaure kayan yaran ta tafi gidansu da su. Ɗan Mai Inji direban babbar mota ne, yana can kan hanya. Abin da ya ce a waya bai da yawa: “Inna, ke kika kore ta, ke za ki dawo da ita.”

Mai Inji ta taka har ƙofar gidan uban surukarta, gidan da ta yi rantsuwar ba za ta ƙara takawa ba. Ta ce wa Maman Tagwaye yanke mata magana aka yi. Kuma ba ƙarya ta shirya ba, har ranta haka ta ɗauka, don ta tuna sarai ta yabi yarinyar a hirar. “Sun ɗebe mai daɗin sun watsa mai ɗacin. Saka mayafinki mu je ki ji da kunnenki. In ban wanku ba, kada ki dawo.”

Ofishin masu binciken yana saman bene, ƙaramin ɗaki ne, fanka tana kaɗa takardun da aka danne da kofin shayi. Shugabar binciken, wadda suke ce wa Dakta, ba ta ma kai ɗan Mai Inji shekaru ba. Ta miƙe tsaye ta ba su kujeru.

“Ba zama ya kawo ni ba,” in ji Mai Inji, sannan ta zauna, don benen ya ci gwiwarta. Ta ɗora hannun a kan tebur. “Kin san wannan?”

“Na sani, Mama. Laifinmu ne. Fuska da murya muka lura da su, hankalinmu bai kai ga hannu ba. Mun cire bidiyon daga shafinmu.”

“Kin cire daga wayar mai faci? Kin cire daga wayar matan da ke kawo mini markaɗe suna ƙunshe dariya? Duk karatun nan naku, ɗaki guda na takarda, ba wanda ya san mutum da hannu ake gane shi?”

Dakta ta sunkuyar da kai. Wannan ya yi wa Mai Inji daɗi, ta gyara zama.

“Ni ba haƙuri na zo karɓa ba, ina da shi a gida. Maganata nake so, cikakkiya, daga sallama har sallama. Ki kunna wa wannan yarinyar ta ji abin da kuka yanke.”

Dakta ta dubi Maman Tagwaye, ta dubi tsohuwar. “Mama, da dai kin fara saurara ke kaɗai. Ita ta ɗan jira a waje.”

“Kin ji ko?” Mai Inji ta zunguri surukarta. “Tsoro take ji asirinsu ya tonu. A gabanta za ki kunna.”

“Maganarki ce, ke ke da iko da ita. Amma ina roƙonki.”

“Roƙi Allah. Kunna.”

Ta kunna. Muryar Mai Inji ta fito daga kwamfuta, tata ta ainihi, da ƙarar inji a bayanta. Aka ji labarin rumfa, aka ji zagin gwamnati. Can sai ga shi: “Yarinyar dai ba ta da ƙiwa, ban ƙi gaskiya ba. Da na kwanta ciwo ita ta yi ta ɗawainiya da ni.”

Mai Inji ta buga tebur. “To. Wannan fa? Me ya hana ku saka shi?”

Amma hirar ba ta tsaya nan ba. Aka ji mai tambaya tana cewa, “Jikokinki fa, Mama? Su ai naki ne.”

“Nawa?” in ji muryar. “’Yar nan, in na ɗora su a cinya, fuskar kakansu ɗan Ƙararrawa nake gani, har kunnuwan nan nasa kamar faranti. Ina dai saya musu alewa saboda idon ubansu. Amma jini ba ya ɓuya. Su ne gobe za su zo da motar rusau su ce, tsohuwa, kwashe injinki. Ni raina bai taɓa kama su ba.”

Sai muryar ta yi dariya. Doguwar dariya, ta jin daɗi, irin ta wanda ya samu mai saurare.

Dakta ta kashe. Fanka ta ci gaba da kaɗawa. Mai Inji ta nemi ta ce ba ita ba ce, ta nemi ta ce zafin rumfa ne, wasa ne, amma ga dariyar nan ba ta gama fita daga ɗakin ba. Yanzu ta tuna ranar. Tagwayen ma suna bakin lungun suna wasa da murfin kwalba lokacin da take faɗa. A hankali ta janye hannunta daga kan tebur ta tura shi ƙarƙashin mayafi.

“Shi muka yanke,” in ji Dakta, murya ƙasa-ƙasa. “Saboda akwai yara a ciki.”

Maman Tagwaye ba ta yi kuka ba. Da ta yi, da sauƙi. Ta dubi Dakta ta ce, “Akwai wanda ya ji wannan bayan ku?”

“Babu.”

“Don Allah a goge shi. Kada su girma su tarar.”

Suka sauko benen, tsohuwar a gaba tana dafa bango. A bakin titi Maman Tagwaye ta tsayar da motar haya, ta faɗa wa direba lungun da zai sauke ta, ta buɗe mata ƙofa.

“Ba zan faɗa wa babansu ba, Inna. Uwarsa ce ke, ba zan ɓata masa ke ba.”

“To ki shigo mu tafi gida.”

“Ke kika ce in ba ki wanku ba kada in dawo.”

Mai Inji, wadda ba a taɓa rufe mata baki a layin famfo ko a taron jam’iyya ba, ta tsaya da ƙafa ɗaya a mota.

“Yaran fa? In sun tambaye ni?”

“Kullum suna tambaya. Zan ce musu kina aiki.”

Direba ya danna ham. Maman Tagwaye ta jira har ta shige, ta rufe mata ƙofa a hankali, sannan ta tsallaka titi, ta tsaya a ɗaya gefen inda ake hawa motar unguwar ubanta.