Uban Gaske Bai Rama Ba

"A sake!" in ji daraktan. "Faɗuwar ba ta yi kyau ba."

Ɗan wasan ya tashi daga bakin kwata, aka ƙara masa jan ruwa a ƙirji. Wata tela tana kallo ta tagar maƙwabcinta, Baba mai gyaran takalmi, wanda take jinya tunda ba shi da kowa. A daidai wurin nan aka soke ɗansa tilo, da rana tsaka. Mai kisan ɗan masu hali ne; shaidu suka janye ɗaya bayan ɗaya, kotu ta sallame shi. Yanzu ga masu fim sun zo ɗaukar labarin, da fitilu da ruwan sama na tiyo.

"'Yar nan, ina suka kai?" Baba ya tambaya daga kan katifa, numfashi sama-sama.

"Sun kashe shi, Baba. Ana sakewa."

"Ya kira ni?"

"A'a. Shiru ya faɗi, a hankali, ana haska shi."

"Nawa ya kira ni. Da ƙyar ya tafi, yana shure-shure." Ya haɗiyi yawu. "Uban nasu na fim ɗin ya rama?"

"Sun ce da bindiga. Ga shi can, dogo, cikin baƙar kwat."

Baba ya yi dariyar da ta koma tari.

"Ni ma na tare motar mai kisan ranar da aka sake shi, da wuƙar yankan fata a aljihu. Ya sauke gilashi ya ce, 'Baba, ka ci abinci kuwa?' Sai na ji bakina yana cewa na ci."

Tela ta juya don jiƙa masa magani. Kafin ƙwayar ta narke, ya cika.

Ta saki salati, kuka ya ƙwace mata. Sai ga ƙwanƙwasa: wata budurwa daga cikin masu fim.

"Anti, don Allah a ɗan rage, yana shiga mana cikin sauti."

"Uban ne ya rasu."

"Wane uba? Ga shi can yana shan lemo."

Tela ta dube ta, ta tura ƙofa. Ta shafe masa idanu, ta yagi gefen ɗankwalinta ta ɗaure masa haɓa. Mayafin ya yi masa gajere, ƙafafunsa suka fito, duk kaushi. Ta zauna gefensu tana korar ƙuda.