Baƙon Ridi a Limawa

Malam Jaji mutumin Aujara ne. Ya haura saba'in a duniya, amma bai san ciki yana yi wa mai shi gardama ba sai da ya zo Dutse. Bayan rasuwar matarsa Zaituna, 'yarsa Munira, malamar makaranta, ta ɗauko shi zuwa gidanta a Limawa, wai ya huta kafin damina. Hutu kam ya sha shi. Biredi da safe, farar shinkafa da rana, taliya da yamma, sai zaman tabarma a ƙofar gida yana ƙirga duwatsun garin. Kafin wata biyu ciki ya ƙulle. Kwana uku, wani lokaci huɗu, bawan Allah bai zagaya ba.

Likita ya duba ya ce ba wata babbar cuta ba ce, a ci ganye, a sha ruwa, a motsa jiki. Malam Jaji ya ji da kunne ɗaya, don hankalinsa na gabas, inda hadari ya fara haɗowa. Tun da ya iya riƙe sungumi, ruwan shuka bai taɓa sauka ba ya gona ba.

Ranar Lahadi Munira ta yanke magana. "Baba, in Juma'a ta yi cikin nan bai saki ba, bana ba Aujara. Sai Baffa Ɗan'inna ya noma gonar. Ba zan bar ka kai kaɗai a gida da ciwo ba."

Ɗan'inna ƙanensa ne, mutumin kirki, amma kunyar nomansa ba ta taɓa miƙewa ba tun suna samari.

Washegari ta kawo wata kwalba cike da ƙananan tsaba baƙi-baƙi. Ta ce sunanta ciya, daga ƙasar waje ake kawo ta, wata abokiyar aikinta ta ji daɗinta. "Cokali ɗaya, Baba. A jiƙa a kofi sai ta kumbura, sannan a sha, a bi da ruwa sosai." Ta figi jakarta ta fita, ta makara.

Malam Jaji ya zuba a tafin hannu, ya murza, ya shinshina, ya ɗanɗana. Ya yi murmushi. Ridi ne wannan, sai dai bai sha taki ba. To, wa zai koya masa ridi? Shi da ya shekara hamsin yana yanka shi, yana jingina dammuna su bushe, yana kwana da fargabar kada yayyafi ya taɓa su. Ruwa ai abokin gaban ridi ne. A wajen kakkaɓa, watsa shi suke yi a baki haka nan busasshe, Zaituna na faɗa wai za su cinye na kantu. Sai ya ce yaran zamani komai sai sun jiƙa. Kuma tun da kwana huɗu kacal gare shi kafin Juma'a, me cokali ɗaya zai yi? Ya riƙa dumbuza da hannu safe da yamma. Ruwa kuwa ya rage sha, wai kada ya ƙara wa ciki kaya.

Ranar Laraba ciki ya zama ganga. Yana kwance a rumfa yana nishi sai ga Kubura, taubashiyarsa, ta zo daga Taura barkar haihuwa ta biyo.

"A'a, bawan gidanmu, wata nawa ne? Ka faɗa da wuri mu tanadi ragon suna."

"Ke dai ba ki da alheri. Tsufa ma ya kasa gyara miki baki."

Munira ta fito da kwalbar a hannu, saura rabi. "Baba! Na wata guda ne fa. A me ka jiƙa?"

Ya kau da kai. "Ana jiƙa ridi ne?"

Kubura ta yi dariya har da riƙe gwiwa. Da ta lafa sai ta ce a kawo kofi. Munira ta zuba cokali ɗaya, ta cika da ruwa, suka zauna suna hira. Can ta juya ta miƙa masa. Tsabar nan ta kumbura ta yi kauri, ya ɗaga cokali sai ga yauƙi na bin sa.

"Ka gani?" in ji Kubura. "Ruwan da ya kamata ya sha a kofi, a cikinka ya je yana nema. Kai kuma ka hana shi."

Malam Jaji ya ƙura wa yauƙin ido. Rabonsa da ganin irinsa tun miyar karkashin Zaituna, wadda in ka yanko loma sai ka naɗe ta da yatsa kafin ta tsinke. Ya tuna tuwon dawar da aka daka a turmi, da kwaɗon rama da rana tsaka a bakin gona, da ƙwaryar ruwan randa mai ƙamshin ƙasa da take ajiye masa ba tare da ya tambaya ba. Shekara arba'in da shida, bai taɓa zaton magani take ba shi ba.

"Ita ma haka miyarta take," ya ce a hankali.

Kubura ta daina dariya. "Allah Ya ji ƙanta. Yau dai ruwa za ka yi ta sha, wannan sai gobe. Munira, aiko a samo mini karkashi."

Ta fasa komawa Taura. Ta tuƙa tuwon dawa, ta kaɗa miya, ta tsare shi da kofin ruwa kamar mai gadin fursuna. Azahar da la'asar ta kora shi masallacin nesa, wai na kusa na ragwaye ne. Ranar Alhamis ya sha ciyar a jiƙe cikin kunun tsamiya, cokali ɗaya tak, yana yatsina.

Da hantsin Juma'a ya fito daga kewaye yana gyara hula, ya tsaya tsakar gida ya yi gyaran murya.

"Munira, ina jakata?"

Kubura ta rangaɗa guɗa. Munira ta rufe fuska don kunya, amma ba ta saki nan take ba. Sai da ya yi alkawarin matar Ɗan'inna za ta riƙa kawo masa tuwo, kuma ba zai sake taɓa kwalbar nan ba sai da kofi a gefe.

Ruwa ya sauka a Aujara ranar Lahadi. Da gari ya waye Ɗan'inna ya iso gona da sungumi a kafaɗa, ya tarar da yayansa har ya yi layi biyu, yana jefa gero yana rufewa da diddige.

"Yaya, ai da ka bari na sara maka."

"Bi bayana da iri," in ji Malam Jaji. "Sara nawa ne."